Kan sandunan sunuka ya baje, wace fata za a sa?

Mai Teburin Tasha: Salamu alaikum. Sanduna huɗu gare ni a nan Ringim, uku kansu ya baje kamar faifai. Wace fata ce ke jure hannun yara?

Ɗan Bichi: Wa alaikumus salam. Sa mai tauri ka huta.

Kafinta: Auna bakin sandar tukuna. Siririya irin ta Ingila milimita 9 zuwa 10 ce, mai kaurin nan ta Amurka 12 zuwa 13. Ni na ga ta kaina da hunturun bara. Na shiga birni na sayo irin waɗanda ake murzawa kamar noti, mai shagon har da rantsuwa wai fata ce. Ashe wani abu ne mai sheƙi kamar roba, ko ka goga masa alli sau goma ba ya kamawa. Kwana uku da sawa, wani yaro ya zo zai jawo farar ƙwallo baya, sanda ta zame, ta shige ƙarƙashi, ta yaga min ƙyallen teburi wajen taƙi guda. Sati biyu teburin na rufe. Tun ranar na koma ta liƙawa. Ka kankare tsohon gam tas da reza, ka ɗan goga gindin sabuwar a sanfefa, ɗigon sufa gulu ɗaya, ka danne. In ta bushe ka yanke gefen ya yi daidai da zoben bakin sandar.

Autan Hajiya: Allah ya mayar da alheri, Baba. Yaron ya biya?

Kafinta: Ɗan ƙanwata ne.

Autan Hajiya: Shi ke nan, an ci bulus.

Malamin Firamare: Ku fa kun tsaya kan tauri, alhali siffar ce magana. Kai in ya zama shafal, da ka kauce daga tsakiyar ƙwallo gefensa kaɗai ke taɓawa, dole ya zame. A ba shi ɗan tudu, kamar lanƙwasar bakin kwabo. Turawan Amurka ma da tsabar kuɗinsu suke aunawa. Kuma sanfefa daga tsakiya zuwa gefe ake ja.

Ɗan Bichi: Malam, ina muka ga kwabo yanzu? Ko naira goma yara ba sa karɓa.

Na Gumel: Sayi fatar da ake kira Elk Master, shuɗiyar nan. Tana da laushi, tana shan alli.

Kafinta: Ita ce ai ke bajewa. Ta sandar kanka ce, ba ta haya ba. Wadda ake kira Triangle ta fi ta ƙarko.

Na Gumel: To a sayi ta kamfanin Kamui mana, mai fata hawa-hawa.

Malamin Firamare: A'a, yallaɓai. Masu hawa-hawan nan na Japan da fatar alade ake yi.

Autan Hajiya: Subhanallahi! Ga masu lasar yatsa su shafa gefen.

Ɗan Bichi: Mu da muke da majema a Kano, a rasa ɓallin fatar sa? Duk baduku zai yanko maka.

Kafinta: Na gwada da guntun takalmi. Ba a matse ta ba, sati ɗaya ta yi gashi.

Na Gumel: Auta, tunda ka fito, wasa bakwai nake bin ka tun ƙaramar salla.

Autan Hajiya: Biyar ne, Yaya. Biyun teburinka ne ya karkace.

Mai Teburin Tasha: Jama'a, ni dai wacce zan saya?

Ɗan Bichi: Wa zai shiga Kano ran Litinin? Ina da saƙon alli.