Jama'a, me za mu kira "trailer" da Hausa? Jibi zan shiga shiri

Ɗan Jekadafari: Salamu alaikum. Jibi Juma'a zan gabatar da shiri a rediyo kan finafinan da ake jira daga Satumba zuwa Disamba, wato kakar Turawa. Lokacin ne suke sakin manyan finafinan da ke harin kyautar Oscar, bayan an haska su a bikin finafinai na Venice da na Toronto, Indiyawa kuma su saki nasu da bikin Diwali. Abin da ya tsaya mini shi ne guntun bidiyon nan na minti biyu da ake fitarwa kafin fim. Makon jiya na ce "tirelar fim", wani dattijo ya bugo daga Bajoga yana tambaya ko siminti ta ɗauko daga Ashaka. A taimaka.

'Yar Pantami: Tallan fim mana, Yaya. Haka kowa ke cewa.

Ɗan Jekadafari: Ƙanwata, ai fosta ma talla ce, sanarwar rediyo ma talla ce.

Na Bolari: Ɗanɗano. Kamar yadda mai tsire ke yanko maka 'yar tsoka kafin ka zaro kuɗi. Halinsu ma ɗaya: ya ba ka mai taushi, ya ƙunshe maka jijiya. Finafinan bana da na kalla haka suke, duk waƙa mai daɗi da faɗa mai kyau an zuba su a minti biyun, ka zauna kallon ainihin fim ɗin ka ga kashi na 40 ana zaune a falo ana maimaita zancen kashi na 12.

Tsohon Malamin Hausa: Kafin a je nan, shi kansa "fim" Hausa ne? Mu da muka taso, majigi muka sani. Amma ga amsa: KWAƊAITAU. Awonsa ɗaya da mantau da gagarau. Abin da aikinsa kwaɗaitarwa ne, kwaɗaitau ne. Shekara biyu ina amfani da ita.

Na Bolari: Allah gafarta Malam, wannan ai sunan yajin daddawa ne. Kuma majigin ma aro ne, daga "magic lantern" ta Turawan mulki.

Tsohon Malamin Hausa: Aro da ya tsufa ya zama ɗan gida. Ku kuwa ƙiwuya ce ke damunku. Ku duba ƙamusun Bargery na 1934, ku duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ku ga irin dukiyar da kuka kwanta a kai kuna bara.

'Yar Pantami: To Malam, kwaɗaitau tana cikinsu?

Tsohon Malamin Hausa: Za ta shiga.

Baƙo daga Kano: Ku daina wahala. Masana'antar a nan take, tun fim ɗin Turmin Danya a 1990. Abin da aka ce a Kano shi ne suna, kuma tirela muke cewa.

Na Bolari: Ga su nan! Mutanen da suka raɗa wa kansu Kannywood a 1999, rabi Kano rabi Amurka, su ne za su koya mana suna? Hausar ba gadon gidanku ba ce. Mu ma nan Gombe da Bauchi ita muke sha da nono.

Baƙo daga Kano: Da kindirmo dai. Je ka yi Fillancinka.

'Yar Pantami: Mi nani, wato na ji. Don Allah ku bari, mutum na da aiki jibi. Yaya, somin-taɓi fa? Ba sai an yi wa kowa bayani ba, ko Goggo ta san abin da ke tafe ya fi wanda aka gani.

Ɗan Jekadafari: Wannan ta zauna a baki. "Mun ga somin-taɓin fim ɗin." Sai dai akwai ƙaramin nan na daƙiƙa talatin da ke riga shi fita, wanda ko labarin ba ya nunawa.

Na Bolari: Shi ke nan, a ba shi ɗanɗano, babban ya ɗauki somin-taɓi. Ban tashi a tutar babu ba.

Tsohon Malamin Hausa: Somin-taɓi farkon abu ne. Wannan kuwa tsakure ne daga tsakiya da ƙarshe. Su ma Turawan sun kira shi "trailer" ne don a da bayan fim ake nuna shi, yana biye kamar jela, yau ga shi a gaba ba su sake suna ba. Kuskurensu kuke so ku ƙara da naku?

Ɗan Jekadafari: Ranka ya daɗe, na ji. Zan fara da "tallan fim, wato somin-taɓi", daga nan in ci gaba da somin-taɓi. Kwaɗaitau zan jefa ta sau ɗaya in ji ko waya za ta yi ƙara.

Tsohon Malamin Hausa: Sau ɗaya! To, ka faɗe ta daidai, da ɗ mai lanƙwasa.

'Yar Pantami: Saura "finafinan kaka". Dattijon Bajoga zai ce na girbin gero ne ko na uwar babanka?

Ɗan Jekadafari: Wallahi watannin kawai zan ambata.