Wai injin walda na inbata (ƙaramin injin zamani mara nauyi) ba ya kama ƙarfe kamar taransifoma (tsohon samfuri mai nauyi)?

Oga Isiyaku: Ni dai na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Waldar inbata ta ado ce. A kwano ko siririn bututu ba laifi, amma a ƙarfe mai kauri sai ta kwanta a sama ba ta ratsa ba.

Habu: Oga, wace lambar ilaktirod, wato sandar walda, kake sawa, kuma wuta nawa?

Oga Isiyaku: 6013 mai milimita 3.2. Injin an rubuta masa amfiya 300. Ina kai shi 120 amma sandar maƙalewa take yi.

Injiniya Rabi: Allah ya ƙara girma Oga, wannan 300 ɗin ita ce abin tuhuma, ba inbata ba. A ƙa'idar walda da sanda, amfiya 300 tana tafiya da bolt 32 ne. In ka ninka 300 sau 32 ya haura kilowat 9. Soket na gida mai bolt 230 da amfiya 16 kuwa bai kai kilowat 4 ba. Daga ina injin zai samo sauran? Injin da aka zuzuta lambarsa haka, allonsa ma ba abin yarda ba ne: yana iya nuna 120 alhali abin da ke fita bai kai ba. A sa mitar da ake maƙalawa a waya a auna yayin da ake walda, gardama ta ƙare.

Oga Isiyaku: To ai kin zo wajena. Taransifoma ba ya ƙarya.

Injiniya Rabi: Mai sayarwa ne ya yi ƙarya. Ka duba farantin bayan injin kafin ka saya. Akwai layin da ke nuna juriyarsa cikin minti 10. In an rubuta 60% a amfiya 160, yana nufin minti 6 na aiki, 4 na hutu. Wannan layin ya fi babbar lambar da ke jikin kwali amfani.

Malam Tanimu: Ku bar lissafi tukuna. Oga, doguwar waya nawa ce tsakanin injin da soket? Siririyar waya mai tsawo tana shanye wuta. Sannan wayar at, wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake wa walda, a kan fenti ko tsatsa ka maƙala ta? Rabin waldar da ake kawo mini gyara daga nan matsalar take.

Habu: Ni tawa huji-huji take fitowa kamar saƙar zuma. Wannan ma injin ne?

Malam Tanimu: Yaro, wannan danshi ne ko dauɗa. Ka goge mai da fenti da tsatsa har ƙarfen ya yi fari. In sandarka mai lamba 7018 ce, tana shan danshin iska, dole a ajiye ta a busasshen wuri mai ɗumi, kuma a jona wayar mariƙin sanda a gefen + na injin. Ka kuma daina nisanta sandar. Tazarar kada ta wuce kaurin ƙarfen cikinta. In kuwa ka ga gefen waldar ya zaizaye ya yi kwari, wuta ta yi yawa ko kana sauri.

Oga Isiyaku: Duk na ji. Amma ku faɗi gaskiya, wanne ya fi daɗewa?

Injiniya Rabi: A nan kam na sallama maka. Ƙurar gurza ƙarfe in fanka ta zuƙe ta cikin kayan lantarkin injin, ko janareta mai hawa da sauka, suna kashe inbata, taransifoma kuwa ko a jikinsa. Sai dai daɗewa daban, ratsa ƙarfe daban.

Oga Isiyaku: Tanimu, aro mini mitar taka gobe. Wayar tawa kam doguwa ce, zan matso da injin kusa da soket in sake gwadawa a 120.