"Kama da wane ba ta wane": ta shafi jerin lambobi?

Ɗan Zariya: Jama'a, ku taya ni dubawa. A JavaScript, yaren rubuta manhajar kwamfuta, in ka rubuta [1,2] == [1,2], wato kana tambayar ko daidai suke, false (a'a) za ta ba ka. Lambobi iri ɗaya, tsari iri ɗaya, amma ta ce sam ba ɗaya suke ba. Ni dai na ce ga "kama da wane ba ta wane" nan ƙiri-ƙiri.

Malama Indo: Ɗan Zariya, ka kai karin maganar inda ba ta je ba. Ana faɗinta ne ga mai kwaikwayon wanda ya fi shi, wato akwai na ainihi, akwai jabu. To a jerin nan biyu wanne ne jabun?

Ɗan Zariya: Malama, ai ba sai da jabu ba. Hassan da Usaini babu jabu a cikinsu, amma ba a bin Usaini bashin Hassan. JavaScript ba ta leƙa abin da ke cikin jerin, tambayarta ɗaya ce: wurin ajiyarsu ɗaya ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta? Kowane da nasa wurin, shi ke nan.

Kawu Na-Maraɗi: To yaro, gwada [1,2] <= [1,2] ka gani, true (e) za ta ce. Juya alamar zuwa >=, nan ma true. Bai fi shi ba, bai gaza shi ba, kuma wai ba daidai suke ba! Dalili kuwa, waɗannan alamomin suna fara mayar da jerin rubutu ne, "1,2", sannan su gwada harafi da harafi. Shi ya sa [10] < [9] ke ba da true, don "1" ta riga "9" zuwa. Nan kama ta zama wane tsaf.

Malama Indo: Kawu, ka gama magana. A yaren Python kuwa [1,2] == [1,2] True ce, sai ka yi amfani da kalmar is, mai duba wurin ajiya, za ka ji False. Ka ga karin maganar ba ta hau kan kowane yare ba.

Ɗan Zariya: Amma can ma wata ta hau. Python tana bi ne ɗaya bayan ɗaya, inda aka fara samun bambanci nan take yanke hukunci. [2] > [1,99,99] True ce. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Malama Indo: Wannan kam na yarda, in dai na gaban ba su yi kunnen doki ba. In sun yi, na bayan ne ke raba gardama.