Aji Ya Cika, Karatu Bai Shiga Ba

Malamar Aji Huɗu:

Assalamu alaikum. Yau na dawo daga makaranta zuciyata a cunkushe. Na sa wani yaro ya karanta mini layi ɗaya, ya tsaya riƙe da littafi har idonsa ya kawo ruwa. Barci ya ƙi zuwa, shi ne na ɗauki biro. Ƙafiyar "ba" ce, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da sani, Mai koyarwa,
Kukan cikina nake fitarwa,
Don ban iya haɗiye shi ba.

Ajina ya cika har kan taga,
Na baya sai dai in ɗan hanga,
Wani na san shi da yagar riga,
Ban kai ga riƙe sunansa ba.

Minti 40 ne darasi,
Kiran suna ya ɗauke kashi,
"Ku yi shiru!" ya cinye sashi,
Saura bai isa koyarwa ba.

Yau na miƙa wa yaro littafi,
Ya ɗora yatsa a kan harafi,
Murya ta maƙale, ya rasa ƙarfi,
Bai haɗa "ba" da "ki" ba.

Shekara 4 yana ta zuwa,
Aji zuwa aji ana turawa,
Manhaja na gudu ba tsayawa,
Ba ta taɓa jiran na baya ba.

Ku gaya mini, laifina ne?
Ko na gida, ko na yaron ne?
Ko na masu tsara aikin ne?
Ni dai ban samu amsa ba.

Ɗalibin Sakandare:

Malama, ki yi mini izini in sa baki, duk da ni ne ƙarami a nan.

Malama, yaron nan na san shi,
Ni ma na zauna mazauninshi,
Allo na kwafe tsaf kamar shi,
Ban san me na rubuta ba.

Harshen gida shi ne nake ji,
Wani daban ake yi a aji,
Ina gyaɗa kai kamar na ji,
Alhali ko kalma ban kama ba.

In na yi tambaya a yi dariya,
In na yi shiru a ce na iya,
In na faɗi a ɗauko tsumagiya,
Ita ko ba ta koya min komai ba.

Ran jarrabawa sai hadda,
Wasu su shigo da amsa a takarda,
Sakamako ya fito, an yarda,
Kai kuwa bai ɗau komai ba.

Aikin gida ya koma wasa,
ChatGPT ke ba mu amsa,
Mu kwafe, a sa hannu a ƙasa,
Ƙwaƙwalwa ba ta yi gumi ba.

Uwar Yara Uku:

Malama, sannu da ƙoƙari,
Na ji kukanki tun daga fari,
Mu ma iyaye mun ɓata tsari,
Ba mu buɗe jakar yara ba.

Shekarar 2020 ta korona,
An rufe makarantu muka zauna,
An ce ta intanet za a nuna,
Gidanmu bai ga intanet ba.

Da aka buɗe aka ɗora sabo,
Mai malamin gida shi ya yi rabo,
Ba wanda ya koma baya ya dubo,
Ramin nan ba a cike shi ba.

Har yau 'yata ta biyu tana ɗingishi a lissafi, kuma daga wancan zaman ne. Ranar da na gane haka na ji kunyar kaina, don kullum tambayata "kin ci na nawa?" ce, ban taɓa cewa ta karanta mini in ji ba.

Tsohon Hedimasta:

'Yata Malama, shekara 35 na yi da alli a hannu, na san wannan daren da kika kwana. Abin da uwar yara ta faɗa gaskiya ne: rufewar korona ta taɓa ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO da UNICEF, a 2022 ya nuna cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yaran da ba sa iya karanta ɗan rubutu su gane sun tashi daga kashi 57 cikin 100 zuwa kusan 70. Maganar ɗana ɗalibi ma ba ƙarama ba ce, don UNESCO ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun karatu da harshen da suke ji.

'Yata, ki share hawayenki,
Ciwon ya wuce bangon ajinki,
Duniya na fama da irin naki,
Ba ke kaɗai ya taɓa ba.

Yara 70 cikin 100,
Masana sun zauna sun yi nazari,
Ɗan shekara 10 a ba shi labari,
Bai iya karanta ya gane ba.

UNESCO ta ƙirga giɓin malamai,
Miliyan 44, ku ji sosai,
Kafin 2030 ake so, amma dai
Masu barin aikin ba su ragu ba.

Albashi ya zo bayan bashi,
Kafin ya shiga hannu an raba shi,
Ƙwararre ya ga haka ya tashi,
Wanda ya gaje shi bai horu ba.

Ranar malamai, 5 ga Oktoba, a yi biki,
A yaba wa malami da baki,
Washegari ya koma bakin aiki,
Allin rubutu bai samu ba.

Shawarata ki gwada kowa,
Mai baƙi, mai kalma, mai karantawa,
Ki raba su gwargwadon iyawa,
Ba gwargwadon shekaru ba.

Wannan dabara ba tawa ba ce. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana aiki da ita, an kuma gwada ta a ƙasashen Afirka irin su Zambiya. Abin da ke ci mini rai shi ne a 2015, a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, ƙasashe sun amince su ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da suke kashewa, da yawa kuma ba su cika ba.

Sabon Malami:

Baba, shawararka ta yi kyau,
Amma mai duba aiki in ya zo yau,
Littafin tsara darasi zai ɗau,
Bai tambayi wa ya gane ba.

Shekara 2 kacal na yi,
Jikina har ya fara sanyi,
Takardar barin aiki na tsara layi-layi,
Har yau dai ban miƙa ta ba.

Ɗalibin Sakandare:

Malam, takardar nan ka ajiye ta,
Ni wata malama, Allah ya saka mata,
Minti 10 kullum a gefen teburinta,
Ba ta taɓa ce min daƙiƙi ba.

Murafen kwalba ta bi ta tara,
Kowanne da baƙinsa ta tsara,
Ran da na jera sunana na saki ƙara,
Ban taɓa manta ranar ba.

Malamar Aji Huɗu:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka,
Na ji, na ɗauki maganarka,
Baba, zan bi shawararka,
Ko da manhajar ba ta ƙare ba.

Gobe da an kaɗa ƙararrawa,
Shi da wasu 6 nake tsayarwa,
Daga "ba" da "ki" muke somawa,
Murafen dai ba su isa ba.

Zuwa yanzu murfi 12 na samu a gida, na rubuta wasula 5 da baƙaƙe 7. Ɗana, da wane baƙi malamarka ta fara maka?