Neman shawara: in sayi tsohon littafin zanen girafiti na jiragen New York?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Bronx nake zaune. Maƙwabcina zai tashi, yana sayar da kayan yayansa marigayi, ciki har da littafin zane mai baƙin bango, irin wanda samari masu fenta jiragen ƙarƙashin ƙasa ke tsara zanensu a ciki kafin su fesa shi a jikin tarago. Ya ce na wajen 1980 ne. Cike yake da sa hannun mutane, har da wanda ya ce na Dondi ne, wani shahararren mai fenta jiragen. Kuɗin da ya yanka ya kai hayar wata guda. In saya? Ta yaya zan gane ba jabu ba ne?

Wani dattijo a Harlem: Wa alaikumus salam ƙanena. Yawan sa hannun nan alama ce mai kyau. Yaran wancan zamani a wani benci suke taruwa a tashar titi na 149 da Grand Concourse, inda jirage masu lamba 2 da 5 ke wucewa. Suna zaune suna jiran taragon da suka fenta cikin dare ya gifta, littattafai kuma na yawo hannu zuwa hannu, ƙananan na roƙon manya su zana musu ko da suna ne. Saboda haka littafin shaida ne na waɗanda mai shi ya yi hulɗa da su. Ka tambayi maƙwabcin naka: da wane laƙabi yayan yake rubutu? Wace ƙungiya yake? Akwai hotunansa? In ya kasa faɗin laƙabin, riƙe kuɗinka.

Wata 'yar uwa mai karatun zane: Yaya, Dondi ya rasu tun 1998, kuma sunansa na tsada, shi ya sa masu jabu ke son sa. Ka nemi littafin Subway Art na Martha Cooper da Henry Chalfant, na 1984, ka kwatanta yadda yake lanƙwasa haruffansa. Amma ido kaɗai ba ya isa, ka kai wa masanin harkar. Gidan tarihin birnin New York yana da irin waɗannan littattafai, cikin tarin da mai zane Martin Wong ya ba su a 1994.

Wani ɗan uwa: Ni fa ban gane ba. Yara sun saci fenti sun ɓata dukiyar jama'a, yau kuma a sayi takardunsu da kuɗin haya? Allah ya kyauta.

Dattijon: Malam, haka magajin gari John Lindsay ya gani, ya ɗaura yaƙi da su a 1972. Sai a Mayun 1989 hukuma ta janye jirgi na ƙarshe mai zane. An wanke komai, hotuna da littattafan nan ne suka rage, tsadar ke nan.

'Yar uwar: In ka saya, kada ka yarda kowa ya ce ka yage shafin Dondi ka sayar daban, darajar sauran za ta zube. Ban da leda mai manne wa takarda, ban da ɗaki mai danshi. Tawadar alƙalamin zane rana na cinye ta, don haka ka bar shi a rufe. Kuma maƙwabcin ya rubuta maka tarihin littafin ya sa hannu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ya faɗa mini laƙabin, ya ce hotunan suna wajen mahaifiyarsu. Sai na gan su za mu yi maganar kuɗi.