Satifiket ko iya aiki: wa ya kamata a ƙara wa matsayi a walda?

Oga Lawal: Abin nan yana ƙona mini rai. Mutum ya shekara goma yana walda, ƙwararre ne, amma ranar ƙarin matsayi sai a tsallake shi a ba yaron da ya yi kwas na wata shida. Kwasa-kwasan nan cin kuɗin mutane ne kawai. Mai ja ya fito.

Injiniya Bashir: Oga, wa ya ce ƙwararre ne? A sa shi gwajin 6G tukuna. Bututu a kafe, a karkace digiri 45, ba a juya shi, dole hannu ya bi ƙasa da gefe da sama a zagaye ɗaya. Bayan nan a yanko sassan waldar a lanƙwasa su. A ƙa'idar ASME, ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, tsagar da ta wuce milimita 3 faɗuwa ce. Wanda kullum a kwance yake walda a kan tebur, a ƙasan bututun nan zai kife, don narkakken ƙarfen zubowa yake yi in wuta ta yi yawa.

Malam Sabo: Injiniya, ku dai ba ku ganin kowa da gashi. Ƙwararre shi ne wanda daga jin ƙarar wuta ya san ta yi yawa, tun wayar walda ba ta fara cin gefen ƙarfe ba. Wane aji ne ke koya wannan?

Injiniya Bashir: Kunne ba ya ganin ramukan da ke cikin walda, Malam. Hoton cikin ƙarfe ne ke nuna su.

Malama Zainab: Kun haɗa takardu biyu wuri ɗaya. Akwai shaidar halartar kwas, wadda ba ta nuna komai sai cewa mutum ya zauna a aji. Akwai shaidar cin gwaji, mai ɗauke da irin waldar, kaurin ƙarfe, faɗin bututu da yanayin da aka yi aikin. Ta biyun ce masu ɗaukar aiki ke nema, kuma mutuwa take yi: a ASME, in mutum ya yi wata shida bai taɓa irin wannan waldar ba, sai sabon gwaji. ISO 9606-1, ƙa'idar duniya ta gwajin masu walda, ita ma na son a tabbatar da shaidar duk wata shida. Kafin a biya kuɗin kwas, a tambaya wa zai yi gwajin ƙarshe, kuma bisa wace ƙa'ida.

Malam Sabo: To ga shi. Takarda na mutuwa, hannu ba ya mutuwa.

Injiniya Bashir: Hannun da ke barin wayar walda samfurin 7018 a buɗe ta kwana? Danshi take sha, waldar ta fito da ramuka ko ta tsage daga baya. Da an farke kwalin, cikin tanda mai zafin digiri 120 a ma'aunin Celsius take zama.

Malam Sabo: A shanya ta a rana ta wadatar.

Injiniya Bashir: Ba ta wadatar ba! Irin abin da ake gada wurin oga ke nan.

Oga Lawal: Ka iya bakinka a kan iyayen gidanmu. Kuma layin farko na waldar bututu da waya samfurin 6010 ake yi, ita ba ruwanta da tanda.

Malama Zainab: Haka ne, Oga, amma da 7018 ake cikewa. Ina maganar ƙarin matsayin ta tsaya ne?

Malam Sabo: Bari in tattara. An yarda takardar halarta banza ce, Malama da kanta ta faɗa. An yarda ta gwajin ma wata shida ke kashe ta. Maganar Oga Lawal ta tabbata ke nan. Batun tanda kuwa ra'ayin Injiniya ne shi kaɗai.