Mundayen lafiya: su ke aiki, ko yardar mai sanyawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa sanya mundayen nan da ake cewa suna rage ciwon gaɓɓai ko ƙara kuzari, na maganaɗisu ne, na jan ƙarfe ko na roba, ya faɗa mana abin da ya gani a jikinsa. An kawo wa mahaifiyata mai ciwon gwiwa ta maganaɗisu, ta ce ta samu sauƙi, har ta fara maganar ajiye maganin da likita ya rubuta mata, kuma wannan ne ya tayar mini da hankali.

Dattijo mai ciwon gaɓɓai: Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina sanya ta jan ƙarfe, kuma da farko na ji sauƙi. Sai dai ciwona dama mai zuwa da tafiya ne, kuma na sa ta a lokacin da ya fi tsanani, lokacin da ko ban yi komai ba zai lafa da kansa. Da ya tashi dawowa, ya dawo munduwar tana hannuna. Koren da take bari a fata, wanda aka ce mini alamar fitar cuta ce, gumi ne kawai ke haɗuwa da ƙarfen.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, abin da ka faɗa shi nake gani a wurin aiki. Ba na ƙaryata mara lafiyan da ya ce mini ya ji sauƙi, domin idan mutum ya sa rai da waraka, ƙwaƙwalwa tana iya rage masa raɗaɗi da gaske. Abin tambaya shi ne ko munduwar ta fi ta bogi. A 2002 asibitin Mayo Clinic na Amurka ya gwada mutum 610 masu ciwon jiki, aka ba rabinsu munduwar da ake tallatawa, rabin kuma mai kama da ita wadda ba a yi mata komai ba, sai ɓangarorin biyu suka samu sauƙi kusan daidai da juna. A 2013 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila sun gwada ta jan ƙarfe da ta maganaɗisu a kan mutum 70 masu amosanin gaɓɓai, ba su ga raguwar ciwo ko kumburi da ta wuce ta bogi ba. Batun cewa maganaɗisu yana jawo ƙarfen da ke cikin jini ma bai tsaya ba, domin na'urar hoton MRI ta ninka munduwa ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba ta tara wa mutum jini a wuri ɗaya. Ɗan'uwa, ka bar wa Mama munduwarta idan tana so, amma kada ta ajiye magani sai likitanta ya sani. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuwa, ya nisanta maganaɗisu daga ƙirjinsa.

Mai horar da 'yan wasa: Ni ta roba mai ɗan tambari mai ƙyalli aka gwada mini. Mai sayarwa ya sa na tsaya da ƙafa ɗaya na miƙe hannu, ya danna sai na karkace, da na sa munduwar ya sake dannawa ban motsa ba. Da na maimaita wa 'yan wasana, na ga duk sirrin yana inda aka karkata dannawar, ga shi kuma a karo na biyu jiki ya riga ya shirya. A ƙarshen 2010 hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta tilasta wa kamfanin Power Balance, mai sayar da irin wannan munduwar ta roba, ya amsa cewa ba shi da sahihiyar hujjar kimiyya, ya kuma mayar wa mutane kuɗinsu.

Mai yawan tafiya: Malam, ni tawa daban ce. Zuciyata tana tashi a mota, kuma ɗaurin nan mai ɗan maɓalli da ke danna cikin tsintsiyar hannu yana taimaka mini, ba na jin zan bar shi.

Ma'aikaciyar jinya: 'Yar'uwa, wannan yana da ɗan goyon baya, musamman ga tashin zuciya bayan tiyata, ko da yake hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Tunda ba ya hana ki wani magani, ban ga laifinsa ba.

Uwar yara: Ina sanya wadda aka ce tana kare jiki daga igiyar wayar salula, har ina kwana da ita, ban kuma ji wani canji ba. Na cire ta ne bayan na karanta cewa a Disambar 2021 hukumar kula da lafiyar nukiliya ta Holan ta yi gargaɗi a kan wasu irin waɗannan kayan, cikinsu har da munduwar yara, saboda an auna an samu suna fitar da tiririn nukiliya da zai iya cutar da fata idan aka daɗe ana sanyawa. Na yarana ma na cire musu, na naɗe su na ajiye inda hannunsu ba zai kai ba.